Zanar Aro

Takardar da aka ba ni a jami'a ta ce na iya Sifaniyanci, kuma na iya koyar da shi. Ba ta yi ƙarya ba. Abin da ta manta ba ta faɗa ba shi ne, malamar wannan harshe a Gaya sai ta kasance mai ƙarfin wuya, domin allo a ka za ta riƙa ɗauka.

Ga yadda abin yake. A lise ɗinmu, wato makarantar sakandare, in lokacin harshen zaɓi ya yi, aji rabuwa yake biyu. Masu Larabci su ne da yawa, su ke zama a ɗaki, kuma ban taɓa jin haushin malaminsu ba, mutumin kirki ne. Nawa, ƴan tsiraru, sai su tattara jakunkuna su fito su biyo ni. Ina za mu? Oho! Mu leƙa wannan ɗaki, da mutane. Mu leƙa wancan, a kulle. Daga ƙarshe mu zube a gindin mangwaron da ke jikin katanga, in sauke allon in jingina shi da itacen.

To katangar nan kuwa, bayanta hanyar gada ce. Duk wata babbar mota da ta taso daga Kwatano ko za ta can, nan take bi. Wannan ya danna oda, wancan ya taka wuta, mai kifi tana kira, mai rake yana kira. Ni ƴar direba ce, a cikin ƙarar injin na tashi, ba ta taɓa hana ni barci ba. Amma harshe da kunne ake koyon sa. Aikina shi ne in ji bakin kowane yaro, in ji inda ya haɗiye harafi, in sa shi ya sake. Yara har sun laƙa mini suna a kan yawan “sake faɗa”, suna tsammanin ban sani ba. Kuskure ba ya wuce ni, ko na wasa ne. To yaya zan gyara abin da ban ji ba?

Akwai wata yarinya a ajin ƙarshe, ƴar Tunuga, tana zaune wurin gwaggonta a cikin gari. In ka ga rubutunta sai ka rantse a can aka haife ta. In ta buɗe baki kuwa, sai dai ka ga leɓe yana motsi. A sauran darussa tsaka-tsaki take, ba ta faɗi ba, ba ta tashi ba, kuma na san in har za ta haye jarrabawar bak, ta kammala sakandare, Sifaniyanci ne zai ɗaga ta. A gindin mangwaron nan ban taɓa jin jimlarta guda daga farko har ƙarshe ba, abin yana ci mini rai.

Sai na tafi wurin sanser, wato mataimakin shugaban makaranta, shi ke raba ɗakuna da lokuta. Ba mugu ba ne, gaskiya. Darussa ne dai ya jera a kansa hawa-hawa, lissafi yana can sama, mu muna ƙasa kusa da tsintsiya.

Na kira shi yadda muke kiran malamai maza, na ce, “Mushe, ɗaki nake so.”

Ko ɗaga kai bai yi ba. “Madam, ɗaki babu. Ku nawa ne ma duka-duka?”

“Ko mu biyu ne ai da kunne muka zo.”

Ya yi dariya, ya nuna taga da biro. “Ga fili can bayan famfo. In kin samu zana ki kafa rumfa, ba wanda zai hana ki.”

Ya faɗa ne don in tafi in ba shi wuri. Ni kuma na ɗauki maganar na ƙulle ta a bakin zane.

Da na ba yara labari, sai yarinyar nan ta matso bayan an tashi, ta ce da ni a hankali babanta yana saƙar zana. Lokacin an gama girbi, gamba ta bushe. Ranar hutu na hau kabu-kabu na nufi Tunuga, ta cikin giginya da fadamun shinkafa, ƙugu kamar zai ɓalle.

Na tarar da shi a ƙofar gida yana gyaran taru. Dattijo ne siriri, manomi kuma masunci, ba mai yawan magana ba. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, aka kawo mini ruwa, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ci gaba da ɗaurin zarensa.

Can ya ce, “Malama, shi wannan harshe, su wa ke yin sa?”

Na gaya masa.

“Suna zuwa kasuwar Gaya?”

“Ba sa zuwa, Baba.”

“To mi za ta yi da shi?”

Da wani ne ya tambaye ni haka a cikin gari, da ya ji abin da bai shirya ji ba, don na gaji da wannan tambaya kamar me. Amma shi ba raini ne ya sa shi ba, so yake ya sani. Na ce, “Baba, ba zan yi maka alkawarin zai ciyar da ita ba, ban san gaibu ba. Abin da na sani, a cikin duk abin da ake koya mata, nan ne ta fi kowa. Kuma ban taɓa jin muryarta a darasi ba saboda ƙarar motoci. Wuri nake nema inda zan ji ta.”

Ya ajiye tarun ya ce in biyo shi. Muka shiga gida ya nuna mini dangar da ta kewaye madafi. Zanar ta tsufa, gara ta cinye gindinta, kana tsaye a waje kana hango tukunya. A gefe ga sabuwar zana a naɗe, jingine da rumbu, tana ƙamshin ciyawa. Wannan ya saƙa don ya sauya tsohuwar.

Ya ce, “Ki ɗauka. Amma ki ji da kyau, aro ne, ba kyauta ba. Kuma ke na ba, ban ba lakwal ba, ban san makarantarku ba, ke na gani. Inuwar yaran ce. Ranar da ruwan fari ya sauka zan zo in kwashe, don iskar damina ba ta barin wuta a murhu in babu danga.”

Na ce na ji, na kuma ɗauka. Matarsa tana tsugune tana tankaɗe, ta ɗago ta dubi zanar, ta dube ni, ta koma kan tankaɗenta. Wannan kallo ya fi mini kowace magana nauyi.

Da iyayen sauran yara suka ji, wani daga Bana ya aiko da dirkoki, wani ya kawo igiyar kaba. Aka taru ranar Lahadi aka kafa rumfa a bayan famfo, nesa da hanya. Muka zuba yashi, muka rataye allo, wuyana ya huta. Na kafa doka guda: duk wanda ya sa ƙafa a cikin rumfar nan, Hausa da Zabarmanci da Dandanci da Faransanci su jira shi a waje tare da takalmansa. A ciki Sifaniyanci kaɗai ake yi, ko ruwa kake so ka sha.

Wayyo, daɗin watannin nan! Sai ga shi ina jin numfashin yaro kafin ya fara magana. Na gano wanda ke ɓuya a bayan muryar wani, na gano wadda ta iya amma tsoro ke riƙe ta. Harafin “r” da malaman Faransanci suka sha wahala suna tura musu cikin maƙogwaro, ni cewa na yi su dawo da shi kan harshe yadda uwarsu ta koya musu, su kaɗa shi son ransu, suka yi ta dariya. Ina kunna musu magana a waya su saurara, in sa biyu su yi ciniki, ɗaya mai albasa ɗaya mai saye. Yarinyar Tunuga ma na fara jin ta, sai dai sai na sunkuya kusa da ita. Kullum ina ce mata, “Ɗaga murya, ba sata kika yi ba.” Sai ta yi murmushi ta sake faɗa kamar yadda ta faɗa da farko.

Sai bazara ta shigo. Wanda ya san zafin Gaya ya san in ka bar babur a rana, sirdin sai ya gasa ka. Wata safiya na ga babur ɗaya a jingine a inuwar rumfa daga waje. Na ƙyale shi, inuwar waje ta Allah ce. Bayan kwana kaɗan na ga biyu a ciki, lokacin da ba mu da darasi. Na fitar da su, na share man da ya ɗiga a yashi. Ranar da abin ya kai ni bango, na zo da yarana a bayana na tarar da rumfa cike maƙil, babura a jere kamar a tasha, na sanser a tsakiya, daidai inda yarinyar nan take zama.

Ban yi shawara da kowa ba. Na kama ƙahon babur ɗinsa na tura shi har tsakiyar fili, inda ko inuwar tsuntsu babu, na kafe shi. Na dawo na fitar da sauran ɗaya bayan ɗaya. Muka yi darasinmu. Da aka tashi na hango shi yana zuba wa sirdi ruwa yana tsalle, wallahi ban ji tausayinsa ba.

Washegari ya kira ni ofis.

Ya ce, “Madam, rumfar nan sau nawa kike shiga a mako? Sauran lokaci tana tsaye a banza. Mun zauna mun yanke, daga yau wurin ajiye baburan malamai ce. Ki koma gindin mangwaro, ai da can ma ba ki mutu ba.”

Na ce, “Mushe, kai ka ce in kafa.”

“Na ce ki kafa a filin makaranta. Abin da ke tsaye a filin makaranta kuwa na makaranta ne.”

“Filin naku ne. Zanar ba taku ba ce, ba tawa ba ce ma. Wani bawan Allah ne ya bar madafin matarsa a buɗe don ƴarsa ta samu inuwa. Da wane baki zan gaya masa babur ne ke sha?”

Ya ce wannan ba matsalarsa ba ce, kuma in kiyayi harshena, ana iya tura mutum can ƙauyen Junju ya koyar da abin da ba nasa ba. Na ce Junju ma mutane ne a can. Na fito a fusace.

Lokacin shan iska, malamai suna zaune suna shayi, yara sun cika fili, na tafi rumfa na fara kwance igiya. Ban yanka ba, don igiyar ma ta wani ce. Yarana suka tsaya suna kallo, sannan suka sa hannu. Rufi ya sauka, rana ta faɗa kan babura. Wani malami ya taso yana “Haba Madam, haba Madam,” na ce ya matsa kar dirka ta faɗo masa. Muka naɗe zana tsaf muka ɗaure. Yarinyar Tunuga ce kaɗai ba ta taɓa komai ba, tana tsaye da jaka a ƙirji.

Ta ce, “Madam, to ina za mu zauna?”

Sai na yi kamar ban ji ba.

A gidanmu na direbobi, in ka ari jak ko taya, mutuncinka shi ne ka mayar tun ba a tambaya ba. Da wannan tarbiyya na ɗora zana a motar ƴan kasuwa na kai ta Tunuga da yamma, ina jin kaina kamar wadda ta sauke amana. Na tarar da dattijon a inda na bar shi. Na sa aka sauke a gabansa, na ba shi labari tun daga babur na farko.

Ina jiran ya ce Allah ya yi albarka. Sai na ga fuskarsa ta sauya.

Ya ce, “Malama, ruwa ya sauka?”

“Bai sauka ba, Baba.”

“Ɗiyata ta ƙare karatun?”

“Ba ta ƙare ba.”

“To a nan wurinmu, in aka maido ma mutum aro tun lokaci bai yi ba, ko kayan aka raina ko mai kayan. Wanne ne a ciki?”

Kai! Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Na rantse masa ba ko ɗaya, na ce ba zan iya kallon zanarsa a kan babura ba ne. Ya ce kwancewar da na yi daidai ne, da shi ne ma haka zai yi. Kawowar ce bai gane ba. “Kin yi fushi da mai babur, sai ki hukunta yarinya? Gobe a rana za ta zauna ke nan?”

Har yau ban yarda na yi laifi da na kwance rumfar nan ba, gobe ma aka sake zan sake. Amma a wannan tambaya shi ke da gaskiya.

Ya ce in tafi gida, kar in taɓa kayan. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, sai ga shi a amalanken jaki, zana da igiya a baya. Bai shiga lise ba, bai nemi sanser ba. Ashe gonar rogon da ke manne da katangar baya ta wani ɗan'uwansa ce, kuma akwai ƙaramar ƙofa a wajen, wadda masu shara ke bi. A bakin gonar, taku kaɗan daga ƙofar, ya haƙa ramuka. Muka kwaso dirkokinmu daga bayan famfo. Kafin azahar rumfa ta tsaya, ta ma fi ta farko shiru. Ya wanke hannu, ya ce da ni, “Sharaɗi yana nan yadda yake, ruwan fari.” Ya hau amalankensa ya tafi, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Sanser ya zo ya tsaya a ƙofar, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje.

“Madam, ba a koyarwa a wajen katanga.”

“Ba ni ɗaki, Mushe, yanzun nan in shigo.”

“Zan rubuta wa manyanmu a Doso.”

“Rubuta. In kana so a aika da Sifaniyanci ma, ni zan fassara maka kyauta.”

Yara suka ƙunshe dariya. Ko ya rubuta ko bai rubuta ba, ban sani ba, ba wanda ya zo. Mu dai muka duƙufa, don jarrabawa ta matso. Ni da ke roƙon Allah ya kawo ruwa kowace shekara kamar kowa, a wannan shekara sai na tsinci kaina ina duban gabas da faɗuwar gaba. Astagfirullah, har cewa nake a zuci ya ɗan jira.

Bai jira ba. Saura makonni a shiga jarrabawa, wata Asabar da la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso ta kwashe kwanon rufin maƙwabta, ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Gari duka murna ake, ni ina tsaye a taga ina tunanin madafin nan na Tunuga da tsohuwar dangarsa. Alkawari alkawari ne. Ranar Lahadi na je na duba rumfa, tana tsaye, na zauna a ciki ina jiran ƙarar amalanke har rana ta faɗi. Bai zo ba.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa. Na sauke allo, na fara sassauta igiyar kusurwa, don in ya iso kar in ɓata masa lokaci. Yara suka taru suka yi cirko-cirko, kowa ya san abin da ake ciki. Sai ga yarinyar ta shigo ta ƙaramar ƙofa, ƙafafunta duk laka, daga Tunuga ta taso da asuba. Na tare ta a waje, na tambaye ta da Hausa, “Yaya gida? Yaushe Baba zai zo?”

Ba ta amsa ba. Ta wuce ni, ta tuɓe takalma a bakin rumfa kamar yadda muka saba, ta shiga ta tsaya a tsakiya. Sannan ta juyo ta yi magana da Sifaniyanci, da wata murya da ban san tana da ita ba, har masu shara a cikin katanga suka ɗago kai.

Ta ce iska ta kwantar da dangarsu. Ta ce ruwa ya kashe wuta, innarta ba ta yi tuwo ba, gari suka jiƙa suka sha. Ta ce babanta ya ce kar a taɓa igiya ko ɗaya, gida zai jira, rumfa ta tsaya sai ta gama.

Ba wanda ya yi motsi. Akwai kuskure a jimlarta ta ƙarshe, ƙato ma kuwa, irin wanda nake tsayar da aji a kansa. Yara sun ji shi, na ga suna satar kallona, suna jiran in ce “sake faɗa”. Ban tsayar da ita ba. Na juya musu baya na kama igiyar da na sassauta, na ɗaure ta tam, hawaye yana ɗiga a hannuna.

Tun da na fara koyarwa har yau, wannan ne kuskure ɗaya da na ji da kunnena na bar shi ya wuce.